Kwangilar Rigakafin Gobara: Araha Ba Ta Ado

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai labarin gobara ya cika shafukan jaridu da gidajen rediyo. Yau a ji kasuwa ta kama, gobe a ji ɗakin kwanan ɗalibai, jibi kuma a ji ɗakin ajiyar takardun wata ma'aikata ya zama toka. Bayan kowace gobara hanya guda ake bi. Manya su kai ziyarar jaje, a kafa kwamitin bincike, a yi alkawarin tallafi, sa'an nan a ba da umurni a sayo kayan kashe gobara a kafa ba tare da ɓata lokaci ba. A kan wannan umurni na ƙarshe ne ya kamata jama'a su fi sa ido, domin kuwa a teburin da ake zaɓar ɗan kwangilar da zai yi wannan aiki, a nan ne ake yanke yawan ɓarnar da gobara ta gaba za ta yi, ko da yake ba kasafai ake lura da haka ba.

Asarar gobara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A watan Disamba na 1981 wuta ta cinye benen da Ma'aikatar Harkokin Waje take ciki a Ikko. A watan Janairu na 1983 ta kama dogon benen nan na hukumar sadarwa da ƙasashen waje, watau NET, wanda a lokacin babu ginin da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Shekara biyu bayan haka, a Janairun 1985, sai Gidan Koko na Badun, mai hawa 26, wanda aka gina da gumin manoman koko aka buɗe a 1965, shi ma ya ƙone, bai kuma koma aiki ba sai a 1992. A nan Arewa kuwa, ba a manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, da ta Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta Katsina a Maris na 2021, da ta Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Ko ofishin Akanta Janar na Tarayya da ke Abuja bai tsira ba, ya kama a watan Afrilu na 2020.

Sau da yawa bayan irin waɗannan gobara, musamman idan ofishin kuɗi ne ya ƙone, hankalin jama'a yakan karkata ga wanda ya kunna wutar, ana zargin ko an yi ne don a ɓoye wata almundahana. Zargin yana da dalilinsa, bincikensa kuma wajibi ne. Amma akwai wata tambaya da ta kamata a riƙa yi tare da shi: ko waya ce ta haɗu, ko guntun sigari ne, ko hannun mugu, me ya sa wutar da ta fara a ɗaki guda ta sami damar cinye bene sukutum? Amsar wannan tana cikin fayil ɗin kwangila.

Dalili kuwa shi ne, aikin rigakafin gobara ya sha bamban da sauran ayyukan da gwamnati ke bayarwa. Idan ɗan kwangila ya yi ha'inci a aikin titi, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri, kowane direba kuma shaida ne. Idan ya kawo kujeru marasa ƙwari, cikin wata guda za a ga ƙafafunsu a zube. Kayan gobara kuwa suna iya shekara goma a jikin bango, jajaye, gwanin kyau, baƙi na wucewa suna yaba wa hukuma, alhali kuwa ba su da amfanin komai. Ranar da za a gane haka ita ce ranar da babu sauran damar gyara, kuma kafin wannan rana ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa, jami'in da ya sa hannu an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya.

Har ila yau, aikin ya wuce rataye tukwanen kashe wuta a baranda, kamar yadda wasu ke zato. A babban gini akwai na'urorin jin hayaƙi da ƙararrawar da ke faɗakar da mutane. Akwai tankin ruwa wanda aka keɓe don gobara kaɗai, da bututun da ke hawa da ruwan zuwa kowane hawa, da mesa a naɗe a cikin akwatinta, da injin da ke tura ruwan da ƙarfi. A wasu gine-ginen akwai kawunan yayyafi a jikin silin, kowanne da ɗan gilashi wanda ke fashewa da kansa idan zafi ya kai misalin digiri 68, ruwa ya zubo daidai inda wutar take. Akwai ƙofofi masu jure wuta na rabin sa'a ko sa'a guda, waɗanda ke rufe kansu don su hana hayaƙi bin matakala, ga kuma fitilun da ke nuna hanyar fita idan lantarki ya ɗauke. Dukkansu sarƙa guda ce. In tanki ya cika amma inji bai tashi ba, mesar da ke hawa na shida igiya ce kawai.

Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da ake ba da irin wannan aiki da 'yar takarda daga wani babba, ko a ofis bayan an tashi daga aiki, ana lissafin kashi goma cikin ɗari. Don magance wannan ne aka kafa ofishin bin ƙa'idar kwangila a fadar shugaban ƙasa a zamanin Cif Olusegun Obasanjo, daga bisani kuma marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan Dokar Ba da Kwangila ta Tarayya a watan Yuni na 2007. Dokar ta kafa hukumar da ke sa ido a kan kwangilolin Gwamnatin Tarayya, ta kuma ce asalin hanyar ba da aiki ita ce gasa a fili. A buga sanarwa a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu sha'awa lokaci, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a karanta sunan kowa da farashinsa da ƙarfi a gaban 'yan kallo. Jihohi da dama sun bi sahu da nasu dokokin. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, wanda duk ya san yadda ake yi a da ba zai raina shi ba.

Sai dai kuma akwai wata kalma a cikin dokar da ake yawan tsallakewa. Dokar ba ta ce a ba wanda ya fi kowa arha ba, haka kawai. Cewa ta yi a ba wanda ya fi arha daga cikin waɗanda aka tantance, aka tabbatar tayinsu ya cika sharuɗɗan aikin. Tantancewa ce a gaba, farashi yana biye. Abin takaici, a ofisoshi da yawa an juya wannan tsari. Jami'in da ke tsoron takardar tuhuma daga odita ya san cewa idan ya ba mafi arha babu mai tambayarsa, idan kuwa ya tsallake shi ya ba na biyu, sai ya yi ta rubutun bayani, wataƙila ma a zarge shi da karɓar na goro. Saboda haka sai ya bi hanyar da za ta tsare masa kujera. Ba za a ga laifinsa gaba ɗaya ba, amma ya kamata a san abin da wannan tsoro ke haifarwa.

Ɗan kwangila ba ya rage farashi daga aljihunsa. Daga jikin aikin yake ragewa, a wuraren da ido ba ya kaiwa. Bututun da ke cikin bango ya zama siriri. Injin ruwa ya zama ƙarami. Injin dizal da ya kamata ya tsaya a madadin na lantarki ya ɓace daga lissafi. Tukwanen kashe wuta su zama tsofaffi da aka yi wa sabon fenti, ko jabu waɗanda garin cikinsu ya dunƙule. Ƙofar katako ta sha fenti a kira ta ƙofar wuta. Kamfanin kirki da ya sa farashin gaskiya, ya haɗa da albashin injiniya da kuɗin dubawa, shi ne zai faɗi a gasar. In ya faɗi sau biyu sau uku, ko dai ya daina nema, ko shi ma ya koyi yadda ake cin gasa.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe masu tasowa ne kaɗai. A daren 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu na wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell a yammacin birnin Landan, ta hallaka mutum 72. Benen na ƙaramar hukuma ne, talakawa ne ke haya a ciki, kuma ba a daɗe da kammala yi masa kwaskwarima ba. Kwamitin binciken da tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick ya shugabanta, wanda ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a watan Satumba na 2024, ya bi diddigin yadda aka ba da aikin kwaskwarimar. Masu zanen ginin an ɗauke su ba tare da gasa ba, ba su kuma taɓa yin irin wannan aiki a dogon bene ba. Aikin ginin kansa an yi gasa a kansa, kamfanin da ya fi arha ya ci da kimanin fam miliyan 9.2. Duk da haka masu aikin suka ga kuɗin ya fi abin da suka tanada, suka zauna da kamfanin a gefe, tun kafin a sanar da sakamako, suka nemi ya rage kusan fam 800,000. Cikin abin da aka rage har da rufin da za a lulluɓe jikin benen da shi. Aka bar wanda aka fara zaɓa, aka koma wani mai roba a tsakiya, don a sami rarar da ba ta kai fam 300,000 ba. Wannan rufi shi ne ya ɗauki wutar daga hawa na huɗu ya kai ta ƙololuwar ginin cikin ƙasa da sa'a guda. An kuma tarar da ƙofofi da yawa waɗanda abin rufe kansu ya lalace ko babu shi sam, hayaƙi ya cika hanyar da mutane za su bi su tsira.

Gaskiya ne kwangilar Grenfell ta gyaran gini ce, amma darasinta ya shafi duk wanda ke zama a kwamitin ba da kwangila. An yi sanarwa, an karɓi tayi, an buɗe, an zaɓa, takardu sun cika. Abin da aka rasa shi ne mutum guda mai ilmin wuta wanda maganarsa za ta hana a canza kaya don neman rara. Idan haka ta faru a Ingila, inda ruwan famfo ba ya yankewa, motocin kwana-kwana kuma suka isa wurin cikin 'yan mintoci, to, wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Gyara yana farawa tun kafin a buga sanarwa, watau a wajen rubuta bayanin aikin da ake so. A nan ne aka fi yin sakaci. Sau da yawa akan jawo tsohon fayil ne a kwafe, a canza kwanan wata. Wani lokaci ma, abin da ya fi muni, ɗan kwangilar da ake so ya ci shi ne zai rubuta bayanin a ɓoye, ya tsara shi daidai da kayan da ke sitonsa. Alhali kuwa kowane gini da bukatarsa. Abin da ya dace da kasuwa mai rumfuna dubbai da lunguna matsattsu dabam yake da na asibiti, inda majinyata ba sa iya gudu. Ɗakin ajiyar takardu da ɗakin kwamfuta ruwa yana iya yi musu ɓarnar da ta kusa ta wuta, don haka iska ta musamman ake tanadar musu. Wutar man girki a kicin ɗin makaranta kuwa, zuba mata ruwa ƙara mata ƙarfi ne. Wajibi ne injiniya mai rajista da jami'in hukumar kashe gobara su zagaya ginin da ƙafafunsu, su rubuta abin da ake bukata dalla-dalla, da girman kowane bututu da ƙarfin kowane inji, ta yadda dukkan masu gasa za su sa farashi a kan abu guda.

Dole ne kuma bayanin ya yi la'akari da halin da ƙasar nan ke ciki. Tsarin da aka kwafo daga littafin wata ƙasa ya ɗauka cewa lantarki na nan dare da rana, ruwa kuma na cikin bututun gari. A nan kuwa abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne kashe wutar lantarki, in ma akwai ta. Injin ruwan da ba shi da na dizal a gefensa ado ne. Tankin gobara da aka haɗa da bayan gida da wurin alwala kafin azahar ya ƙare. Ƙurar hunturu tana toshe na'urar jin hayaƙi, ko ta sa ta yi ta kuka ba dalili har wani masinja ya gaji ya cire mata batir. Duk wannan sai an rubuta shi cikin sharuɗɗa, in ba haka ba babu ɗan kwangilar da zai sa shi don Allah.

Sa'an nan sai tantance masu nema. Takardar rajistar kamfani da shaidar biyan haraji suna nuna cewa kamfani yana nan, ba sa nuna ya iya aikin. An saba ganin kamfani guda, bara ya kawo shinkafar makarantu, bana ya gina kwalbati, ga shi yanzu yana neman aikin na'urorin gobara, da niyyar in ya ci ya sayar wa wani, wancan ma ya sayar, har aikin ya faɗa hannun mai gyaran famfo na bakin titi da sulusin kuɗin. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a karɓi ambulan biyu daga kowane mai nema, ɗaya na bayanin ƙwarewa, ɗaya na farashi. A fara buɗe na ƙwarewa. A ga injiniyoyinsa da idanu, a tura wakilai zuwa gine-gine biyu ko uku da ya ce ya yi wa aiki, su buɗe mesa su ga ko ruwa zai fito. Wanda ya faɗi a nan a mayar masa da ambulan farashinsa a rufe. Cikin waɗanda suka rage ne arha za ta yi hukunci, kuma a nan hukuncinta adalci ne. Idan kuwa wani ya kawo farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da ƙiyasin injiniyan gwamnati, a nemi ya bayyana a rubuce inda zai samo rarar.

Akwai wasu dabaru da kowane tsohon ma'aikaci ya sani: kamfanoni uku masu suna dabam-dabam amma mai su ɗaya, ko a daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don kada ya kai adadin da zai tilasta a yi sanarwa. Dokar 2007 ta ambaci waɗannan a cikin laifuffuka, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba, babu zaɓin tara, ga jami'in da aka kama, tare da kora daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar. A aikin gobara daddatsawa tana da wata illa ta daban, domin idan mutum ɗaya ya sa tanki, wani ya sa inji, wani ya ja bututu, ranar da ruwa ya ƙi fitowa kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne kulawa bayan an gama. Tukunyar kashe wuta tana bukatar gwani ya duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Injin ruwa sai ana tayar da shi a kai a kai, batir kuma yana mutuwa. Kwangilar da ta tsaya a kan kawowa da kafawa rabin kwangila ce. Ya kamata tun a wajen gasa a nemi kowa ya sa kuɗin kulawa na shekara uku ko biyar, da koyar da masu gadi da ma'aikata yadda ake amfani da kayan, a haɗa duka a auna. Da an yi haka, sau da yawa za a ga wanda ya fi arha a ranar farko shi ne ya fi tsada a shekara ta uku. Kada kuma a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada aikin a gaban jami'an kwana-kwana: a tayar da hayaƙi a ji ƙararrawa, a kashe lantarki a ga injin dizal ya tashi da kansa, a hau hawa na ƙarshe a buɗe mesa. Wanda ya shaida gwajin ya sa hannu da cikakken sunansa da muƙaminsa, don a san wanda za a nema.

Za a ce duk wannan zai jawo jinkiri, gobara kuwa ba ta jira. Dokar ta yarda a tsallake gasa idan akwai gaggawa ta gaske, kuma da wannan ƙofa ake yawan fakewa a makon da ya biyo bayan gobara, lokacin da zukata ke da zafi, babu mai iya tambayar farashi. Amma ginin da ya shekara ashirin babu ko bokitin yashi, bai zama abin gaggawa don maƙwabcinsa ya ƙone jiya ba. Sakaci ne ya tsufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonnin da za a ɗauka a yi gasa ta gaskiya ba su kai shekaru bakwai da Gidan Koko ya yi a rufe ba. Za a kuma ce tsananta sharuɗɗa zai kori ƙananan 'yan kwangila na gida. Wannan damuwa ce mai tushe, maganinta kuwa shi ne a bar su su haɗa gwiwa da ƙwararru a fili, da sunan kowa a takarda, kuma gwamnati ta riƙa biyan kuɗin aiki a kan lokaci, domin jinkirin biya shi ne ya fi kashe ɗan ƙaramin kamfani mai gaskiya.

Duk lokacin da ma'aikatu ke shirya ƙiyasin kuɗin shekara mai zuwa, ya dace kowane Babban Sakatare da kowane shugaban makaranta ya nemi a kawo masa fayil ɗin kwangilar gobara ta ƙarshe da aka bayar a ƙarƙashinsa, ya duba ko wa ya rubuta bayanin aikin, kamfani nawa suka nema, wa ya shaida gwaji. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata su ma suna da abin yi, tun da su ne ke kwana a ɗakunan da aka yi wa tagogi da ƙarfe, su ne kuma ke aiki a hawa na sama. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukumomin Tarayya a rubuce. Kafin a kai ga haka ma, a jikin kowace tukunyar kashe wuta akwai 'yar takarda mai ɗauke da ranar da aka duba ta ta ƙarshe, a jikin yawancinsu kuma akwai ɗan agogon da allurarsa ya kamata ta tsaya a kan kore. Duk wanda ya ga ranar ta wuce shekara, ko allurar ta faɗi, ko ya tarar da ƙofar fita ta baya an garƙame ta da kwaɗo, ya rubuta wa shugaban wurin, ya sa kwanan wata, ya kuma ajiye kwafi.